Daga Razdan Zuwa Gwamna: Tarihin Kujerar Lardin Kano

Kafin a san gwamnan jiha, Razdan ne wuƙa da nama a lardi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Lugga ya naɗa Abbas sarki, ya kuma ajiye Dakta Kagil a matsayin Razdan. A takarda aikinsa ba da shawara ne. A zahiri kuwa shi ke duba haraji da shari'un alƙalai, ba a kuma naɗa hakimi sai da yardarsa. Kagil ne ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu. Shi ya sa Kanawa suka laƙaba masa Mai Gunduma.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta kawo Kwamishinan Lardi, ɗan siyasa, ya gaji ikon Razdan. A 1963 aka tilasta wa Sarki Sanusi yin murabus, kowa ya gane inda mulki ya koma. Da Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, lardin ya zama jiha, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mai ba da labarin fadar wancan zamani kada ya manta da ofishin da ke bayan ganuwa.