Tarihin Na'urorin Ɗumama Ruwa da Auna Shi, da Matsayinsu a Ƙasar Mairuwa



Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau, kafin ya yi nisa zai iske garin Mairuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, maƙwabciyar Ƙanƙara da Sabuwa. Garin ya ci sunansa, domin kuwa akwai madatsar ruwa a gefensa, kuma tana cikin wuraren da ake jawo ruwan da mutanen Funtuwa ke sha. Wannan gari shi na ɗauka ya zama ma'auninmu a yau. Za mu bi tarihin na'urorin da ke dafa ruwa, ko su auna shi, ba tare da mutum ya tsaya a kansu ba, sa'an nan mu ɗora su bisa wannan ma'auni mu ga wacce za ta zauna, wacce kuma za ta faɗi.

A gidan Bahaushe akwai ayyukan ruwa guda biyu waɗanda ba su yiwuwa sai da mutum a tsaye. Na farko shi ne dafa ruwa, watau a ɗora tukunya ko garwa bisa murhu, a iza wuta, a riƙa tsoma yatsa, in ya yi zafi ainun a sirka. Na biyu shi ne awo, kamar yadda mai sayar da ruwa ke cika garwa ya tsaya, ko mai man gyaɗa ta cika kwalba ta ɗaga hannu. A kowanne akwai ido mai lura, akwai kuma hannu mai tsayarwa. Tarihin da zan kawo, daga farkonsa har ƙarshensa, neman abin da zai tsaya a madadin wannan ido da wannan hannu ne.

Kada a ɗauka ruwan zafi kayan marmari ne a wurinmu. Ban da wankan safiya lokacin hunturu, akwai wankan jego, wanda mai haihuwa ke yi safe da yamma har kwana 40, kuma kowane maigida ya san abin da itacensa ke ci. A cikin shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a wannan yanki da kunun kanwa da kuma tsananin zafin wanka da na gadon da ake hura wa wuta. Ashe ke nan sanin iyakar zafin ruwa magana ce da ta taɓa lafiyar iyayenmu mata.

Tushen al'amarin yana birnin Iskandariyya na Masar. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wani gwani mai suna Kitisibiyus ya gyara agogon ruwa, kuma shi ake danganta wa dabarar sa wani abu mai yawo bisa ruwa, kamar gorar masunta, wanda in ruwa ya ƙaru sai ya taso ya toshe kafar da ruwan ke shigowa, in ya ragu ya sauka ya buɗe ta. Ku riƙe wannan gora, za mu sake gamuwa da ita. A ƙarni na 1 na Miladiyya kuma, a wannan birni dai, Hiro ya bayyana wata tukunya ta ɗakin bauta: mutum ya jefa kuɗin ƙarfe, kuɗin ya faɗa kan wani ɗan faranti, nauyinsa ya ɗaga marfi ruwa ya zubo, da kuɗin ya zame ya faɗi sai marfin ya koma. Ita ce na'urar sayar da ruwa ta farko da aka rubuta labarinta.

Daga Girkawa ilmin ya koma hannun malaman Bagadaza. Wajen shekarar 850, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, suka fitar da Kitab al-Hiyal, mai ɗauke da na'urori kimanin 100. Bari in ɗan ratse, da yake harshe ne sana'ata: hiyal jam'i ne na kalmar da Hausa ta ara ta ce hila, sai dai mu mun karkatar da ita wajen wayo da yaudara, su kuwa a nan dabarar ƙira suke nufi. Cikin abin da suka zana akwai komin shayar da dabbobi wanda ke cika kansa duk sa'ad da aka sha, da tulun da ke ba da ruwa gwargwado ya tsaya. Bayansu, a shekarar 1206, Isma'ila al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Amid hidima a garin da ake kira Diyarbakir cikin Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai na'urori 50. A ciki akwai butar da ke zuba ruwan zafi, ko na sanyi, ko gauraye, bisa ga yadda aka juya ta. Akwai kuma kayan alwala na sarki, inda ruwa ke zubowa daga bakin ɗawisu, wanda aka yi amfani da shi ya taru a ƙasa ya ɗaga gora, gorar ta turo wani mutum-mutumi ya miƙo abin wanke hannu, in ruwan ya daɗa taruwa na biyu ya fito da mayanin goge hannu. Wani Bature injiniya, Donald Hill, ya fassara littattafan biyu zuwa Turanci a 1974 da 1979. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kaya na fada ne, don a burge baƙi aka yi su. Talakan Bagadaza da guga ya ci gaba da jan ruwansa.

Auna yawan ruwa ya fi auna zafinsa sauƙi, shi ya sa na biyun ya makara. Wajen 1620 wani mutumin Holan da ke zaune a Landan, Cornelis Drebbel, ya yi tanderun ƙyanƙyasar ƙwai wanda zaiba ke motsa marfinsa in zafi ya wuce kima. A 1830 Andrew Ure, mutumin Sikotlan, ya yi rajistar dabarar da har yanzu ake amfani da ita: a manne ƙarafa biyu masu bambancin miƙewa, in zafi ya taɓa su ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai sandan ya lanƙwashe ya ture makunni. Masaƙun auduga na Ingila ya nufa da ita, domin zare yana son zafi daidai.

Tukunyar ɗumama ruwa ta cikin gida kuwa ta fara ne da haɗari. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Maughan, ya ƙera wadda ke aiki da iskar gas, ruwa na bi ta cikin zafi yana zuba a bahon wanka. Ba ta da mafitar hayaƙi, ba ta kuma da abin da zai kashe ta, saboda haka mai wanka na iya shaƙar guba a ɗakin da ya kulle da hannunsa. Sai a 1889 Edwin Ruud, ɗan ƙasar Nowe da ke aiki a Fitsbag ta Amurka, ya haɗa tanki da abin lura da zafi, wuta ta riƙa kama kanta tana kashe kanta. Amma ko wannan bai isa ba, don abin lura yana iya lalacewa, ruwan da aka kulle cikin ƙarfe kuwa in ya zama tururi ba abin da ke riƙe shi. A 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a Birokton, jihar Masacusets, mutum 58 suka mutu. Irin waɗannan asarori ne suka sa, bayan kimanin shekara 10, injiniyoyin Amurka suka fitar da ƙa'idar ƙera tukwanen tururi. Ɗan bututun nan da kuke gani a gefen hita, wanda ke tsiyayar da ruwa in matsi ya yi yawa, da rayukan mutane aka saye shi, kuma mai gyaran da ya toshe shi don yana ɗiga bai san abin da ya aikata ba.

Zamanin lantarki mai tunani bai canja tushen ba, ido ya ƙara wa kaifi. Tun 1833 Michael Faraday ya gano wani sinadari wanda ke ƙara barin lantarki ya wuce in ya ji zafi, kuma wajen 1930 Samuel Ruben ya mai da wannan abin sayarwa. Aka sami taransista a 1947, aka sami ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan ɗan guntu ɗaya a 1971. Daga nan hita ta iya karanta zafi da lamba, ta san sa'ar da za ta kunna, ta ƙi kamawa in ta ji ba ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 famfon da ke zuba da kansa in an miƙa hannu ya fara bayyana a filayen jiragen sama. Wani haske ne da ido ba ya gani yake aikawa, in ya bugi hannu ya dawo sai makulli ya buɗe. Na'urar awo da kowa ya fi sani a ƙasarmu kuwa ita ce famfon gidan mai, wanda kakansa Sylvanus Bowser ya ƙera a 1885 don auna kananzir. Yau a danna kuɗi, ya zuba, ya tsaya.

To, mu komo gida. A 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na Kano da kuɗin En'e, ana jawo ruwan daga kogin Challawa. Madatsar Kainji ta kammala a 1968. Waɗannan su ne ginshiƙan da hita ke tsayawa a kai, domin wanda ya ƙera ta ya ɗauka cewa ruwa na cikin bututu kullum, wuta kuma na cikin waya kullum. Ga lissafi: kafin ruwa lita 50 ya tashi daga zafin digiri 20 zuwa 60, yana bukatar yunit biyu da sulusi na lantarki, watau kimanin awa ɗaya da rabi ga hita mai ƙarfin wat 1,500. Wannan fa in wutar ta zo da cikakken ƙarfinta, ta kuma tsaya. In famfo ya ƙafe, tanki ya zama fanko, aka kawo wuta, ƙarfen da aka yi don ya zauna cikin ruwa sai ya ƙone nan take. Hita nawa ke rataye a gidajen gwamnati da ɗakunan haihuwa, an saye su da kuɗin jama'a, sun mutu ta wannan hanya tun shekarar farko? Ɗalibai kuma sun san ƙaramar hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti. Ba ta da ido ko kaɗan. A ɗauke wuta, a manta da ita, a dawo da wutar cikin dare, ruwa ya ƙafe, roba ta narke. Gobarar hunturu da yawa daga nan take tasowa.

Wasu ƙasashen Afirka sun fara daga ɗaya gefen, watau daga awo. A 2015 aka kafa famfunan kati a unguwar Matare ta birnin Nairobi, aikin kamfanin Grundfos tare da hukumar ruwan birnin: a sa kati, a danna lita nawa ake so, jarka mai lita 20 a kan rabin sulen Kenya a wancan lokacin. Tukunyar Hiro ce ta dawo bayan shekara kusan 2,000. A wannan shekara kuma wani ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya sami babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu na Maroko, saboda dabarar da manomi zai kunna injin ban-ruwa ya kashe shi da wayar hannu, ko yana kasuwa. Na fi son wannan misali da na Nairobi, domin mai ƙirar ya fara ne daga abin da ke hannun manomi tun da farko, watau waya da hasken rana.

Idan muka ɗora duk waɗannan bisa ma'aunin Mairuwa, a ganina wadda ta fi zama daram ita ce mafi tsufa cikinsu. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana sun yawaita a ƙauyukan Katsina, kuma abu biyu ke yawan cutar da su: tanki ya cika ya yi ta ambaliya ba mai kashe injin, har gindin ginin ya jiƙe ƙarafa su yi tsatsa, ko kuwa ruwan ƙasa ya ja baya da bazara injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Maganin na farko gorar Kitisibiyus ce da aka ɗaura wa makunnin lantarki. Maganin na biyu ɗan abin lura ne da ake saukarwa tare da injin. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin haƙa rijiyar, amma su ne farkon abin da ɗan kwangila ke tsallakewa, domin ranar buɗe aiki ba wanda ke hawa tanki ya leƙa. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kammala aiki, shi ya kamata ya hau.

Akwai kuma batun mai gyara. Tun kafin sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020, rashin tsaro ya riga ya sa tafiya cikin wannan yanki ta yi wuya. Na'urar da sai an kira gwani daga Kano ko Kaduna kafin a buɗe ta, in ta tsaya ta tsaya ke nan. Wadda makanikin Funtuwa zai iya kwancewa ya sami kayanta a kasuwa, ita za ta ga shekara goma. Haka nan ruwan zafin ɗakin haihuwa: tukunyar da rana ke ɗumamawa, wadda Clarence Kemp ya yi wa rajista a Amurka tun 1891, ba ta bukatar waya, kuma a irin da ake yi yanzu ruwan zafi ne da kansa ke hawa tanki, na sanyi ya sauko.

Famfon kati kuwa ba na ƙin sa, amma a sani yana da wanda zai ture. Ɗan garuwa da ke tura kura da jarkoki shi ne bututun unguwannin da bututu bai kai ba, da wannan yake ciyar da iyali, kuma yana ba da ruwa bashi, abin da kati ba ya yi. Hukumar da za ta kafa irin wannan famfo a Funtuwa ko Faskari sai ta fara zama da 'yan garuwa, ta yanke ko su ne za su riƙe katunan sari su kai ruwan gida-gida, da kuma farashin da za a ba su jarka.