Zomon da aka ƙwace, ɓeran da ya gina Disneyland

In zan ba da tarihin Disneyland a shirina na rediyo, daga zomo nake farawa. A 1923 Walt Disney da wansa Roy suka buɗe ɗan kamfanin zanen katun a Los Angeles, Amurka. A 1928 aka raba su da Oswald, zomon da suka ƙirƙira, domin a takarda ba nasu ba ne. Walt ya ji jiki. Da ya fito da ɓeransa Mickey Mouse, sai ya riƙe haƙƙin mallaka gam. Arzikin ɓeran nan ne ya kai shi ga buɗe Disneyland ranar 17 ga Yulin 1955 a Anaheim, wurin da a da gonakin lemu ne. Marubutanmu, a karanta yarjejeniya kafin a sa hannu.