Yadda Jirgin Sama Ya Sami Idon Ganin Hadari

Na'urar nan da ake kira rada, wadda matuƙin jirgin sama ke duba hadari da ita, ba domin ruwan sama aka ƙago ta ba. A shekarar 1935 wani masani a Ingila, Robert Watson-Watt, ya nuna cewa ana iya gano jirgi daga nesa da igiyar rediyo. Dabarar kamar ta amsa kuwwa ce. Mutum ya yi kira a gindin dutse, muryarsa ta komo masa. Haka na'urar ke aika igiya, ta bugi abu ta komo, daga jinkirin komowarta a san nisan abin.

Sa'ad da Yaƙin Hitila ya yi zafi, sai masu tsaron na'urar suka riƙa kuka da wani dusu-dusu da ke rufe musu jiragen abokan gaba. Ashe ruwan sama ne. To, abin da ya dami soja shi ya zama abin nema ga masanan yanayi. A Kanada, a 1948, Marshall da Palmer suka auna girman ɗigon ruwa, har aka iya sanin ƙarfin ruwan daga ƙarfin amsar. Cikin shekarun 1950 aka fara sa na'urar a hancin jiragen fasinja. Daga baya allonta ya sami launi: kore yayyafi, rawaya ruwa sosai, ja kuwa a kauce.

Amma fa a lura, ɗigon ruwa take gani, ba iska ba. Guguwar da ke girgiza jirgi cikin sarari garau ba ta bayyana gare ta, busasshiyar ƙanƙara ta ƙololuwar gajimare ma da ƙyar take nunawa. Babban aibinta kuwa, in ruwa ya yi kauri ƙwarai sai ya shanye igiyar, abin da ke bayansa ya fito a allo baƙi wuluk, sai ka ce hanya ce buɗaɗɗiya.

Ran 4 ga Afrilu 1977 wani jirgin kamfanin Southern Airways ya kutsa cikin hadari a jihar Jojiya ta Amurka, matuƙansa suna dogara ga abin da allo ya nuna musu. Ruwa da ƙanƙara suka kashe injunansa duka biyu. Suka yi ƙoƙarin sauka a kan titin mota a ƙauyen New Hope, mutum 72 suka rasu, har da na ƙasa. A ganina ba ƙarya na'urar ta yi ba, iyakar abin da ya komo mata ta faɗa. Yanzu ana koya wa matuƙa su yi shakkar duk wani baƙin wuri da ke bayan ja, babban hadari kuma su ba shi ratar mil 20.