Shaidar da ke Jikin Tukunya

A gidanmu da ke Nasarawa, kudu da Kogin Kaduna, akwai wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku wadda ba a fito da ita sai ranar suna ko biki. Tun ina yarinya nake jin ana cewa tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo take, kuma wai wani maƙerin Zazzau ne ya ƙera ta. Babu wanda ya taɓa bin diddigin maganar, sai ranar da Baffa ya kawo shawarar a sayar wa 'yan gwangwan da ita, tun da su nauyi suke saye. Kakata ta dube ni ta ce, “Kishiya, ke da kika yi karatu, bincika mana. In ba ta da asali, a ba su.”

Na fara da gwaji mafi sauƙi. Na ɗora mata maganaɗisu, ya manne. Wannan ya raba ta da tukwanen da ake zubawa a Panteka daga narkakken alminiyum, waɗanda muke kira na dalma, domin su maganaɗisu ba ya kama su. Sannan na shafa jikinta ina neman sawun guduma, ban samu ba. Abin da na samu shi ne siririn ɗinki da ya taso daga gindi zuwa baki, wato inda ɓangarorin mazubin yashi suka haɗu. A nan rabin labarin gidanmu ya faɗi. Maƙeran baƙi na ƙasar Hausa bugun ƙarfe suke yi a kan uwar maƙera, zubi kuwa aikin maƙeran fari ne, masu tagulla da azurfa. Tukunyar da aka zuba da narkakken baƙin ƙarfe daga ƙetare ta zo.

Dabarar zuba irin wannan tukunya mai tumbi a cikin yashi tana da sanannen mafari. A 1707 wani Bature mai suna Abraham Darby ya sami takardar mallakar fasahar a Ingila, kuma ita ce ta sa tukwanen suka yi arha har suka zama hajar da jiragen ruwa ke kawowa gaɓar Afirka. Ke nan tamu ba ta girmi wannan shekara ba. Amma shekaru ɗari uku fili ne mai faɗi, dole a matse shi.

Sai na kifa ta. Masana tsofaffin tukwane sukan duba gindi, domin a nan ake ganin ƙofar da narkakken ƙarfe ya bi ya shiga mazubi. Tabo mai kama da cibiya alamar tsufa ce ƙwarai, dogon tabo kamar tsagar wuƙa kuwa ya yawaita har wajen 1890, kafin galibin masu zubi su mayar da ƙofar zuwa baki su goge ta. Gindin tamu sumul yake.

Kwana biyu na yi ina dirzar ƙunƙunniya da toka da soson ƙarfe. A ƙarƙashinta haruffa suka bayyana: CANNON, da wata lamba da ke nuna girman tukunyar. Sunan wata masana'antar zubi ce a Deepfields, kusa da Bilston a tsakiyar Ingila, wadda ta shahara da aika tukwane masu ƙafa uku zuwa Afirka. An kafa ta a 1826, shekaru tara bayan rasuwar Shehu a 1817, kuma sai a shekarun 1880 ta ɗauki wannan suna. Sauran rabin labarin ma ya faɗi.

Ƙarfe ya gaya mini lokacin da tukunyar ba za ta girma ba. Bakin mutane ne ya rage ya gaya mini lokacin da ta riga ta shigo hannunmu. Kakata ta tuna cewa a cikin kayan ɗakin mahaifiyarta take, wadda aka aurar a Zariya kafin yaƙin Hitila. Kaya mai nauyi irin wannan kuwa bai wadatu a kasuwannin Arewa ba sai da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi. Don haka na tsayar da zuwanta tsakanin 1911 da 1939.

Daga nan tarihinta ya zama namu. Ta biyo kakata zuwa Nasarawa lokacin da kakana ya sami aiki a masaƙar Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. A cikinta aka dafa tuwon sunan mahaifina, kuma da ita kakata ta riƙa sayar da dafa-duka bayan masaƙun sun durƙushe, albashi ya yanke.

Na karanta musu abin da na gano, ina fargabar na rage wa tukunyar daraja. Kakata ta yi shiru, sannan ta ce ita dama ba don Shehu take riƙe da ita ba, don mahaifiyarta ne. Baffa bai sake tayar da zancen sayarwa ba. Da yamma muka shafe ta da man gyaɗa saboda tsatsa, muka mayar da ita ƙarƙashin gado.