Gidan Giya da Doka a Ƙasar Zamfara: Daga Randar Burkutu zuwa Teburin Mai Shayi

Masu rubuta tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi da malanta, ba safai sukan kula da abin da talakawa ke sha, da wurin da suke taruwa su sha ba. Alhali kuwa wanda ya bi diddigin gidan giya a Gusau da Tsafe da Bunguɗu zai iske tarihin ƙasar a dunƙule, gama kowace hukuma da ta zo sai da ta yanke hukunci a kansa. Abin lura shi ne, dokokin nan sun fi bambance mutane bisa ga bambance abin sha, watau wa aka yarje wa, wa aka hana.

Sana'ar mai dafa giya

Kafin zuwan kwalba, giyar ƙasar nan ta dawa ce, wadda ake kira burkutu, sana'ar kuwa ta mata ce. Mace takan jiƙa dawa ta kwana, ta baza ta a inuwa ta rufe, tana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ta yi tsiro. Sa'an nan ta shanya, ta niƙa, ta dama, ta dafa cikin manyan tukwane, ta bar shi ya yi tsami, ta sāke dafawa, ta tace, ta zuba ragowar tsohuwar giya don ya tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda. Gwaninta tana wajen sanin ƙarfin wuta da lokacin saukewa, domin in an yi gaggawa sai ta fito salam, in an yi jinkiri tsami ya ɓata ta. Burkutu ba ta ajiyuwa, bayan kwana ɗaya ko biyu ta lalace. Saboda haka tilas a sha ta kusa da inda aka dafa, a kuma sha ta cikin jama'a. Wannan shi ne asalin gidan giya.

Ga Maguzawa, waɗanda suka daɗe a kewayen duwatsu irin na Kwatarkwashi cikin ƙasar Bunguɗu, giya ta shiga gayyar noma da biki da makoki da hidimar iskoki. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano, ya bayyana matsayinta a ibadarsu cikin littafinsa na 1946. Mai gida ba shi da ikon tara gayya in babu randa cike, mai dafawa kuwa ita ke riƙe da ƙwarya da ludayi, ita ke sanin wanda za a fara miƙa wa, da wanda ya isa a ce masa ya tashi haka nan.

Jihadi da Turawa

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haramcin giya, 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ma tsohon garin malamai ce tun kafin jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara, ya lissafa shan abin da aka haramta cikin laifofin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi. Bayan jihadin da aka soma a 1804, Gusau ta kafu a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa, giya kuwa ta koma ƙauyukan waɗanda ba su musulunta ba, ta zama alamar da ake gane su da ita.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka zo da nasu tsarin. Tun a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal cewa ba za a shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin wannan hani, dokar barasa ta 1917 kuma ta tabbatar da shi. Amma fa hanin bai hau kan Bature ba. Razdan da Di'o da ma'aikatan kamfani suna da izinin ajiye wuski da jin. A gidajensu da kulob ɗinsu ne 'yan ƙasa suka fara koyon haɗa abin sha irin na Turai, watau auna barasa da ɗan ma'auni, a gauraya ta da ruwan kwalba mai ɗacin kwini, a matsa lemun tsami. Wannan sana'a a Amurka ta bunƙasa, inda Jerry Thomas ya buga littafin farko a kanta a 1862. A nan kuwa boyi da kuku ne suka riƙe ta, suna haɗa abin da doka ta hana su saya.

Jirgin ƙasa da Sabon Gari

Hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙaura Namoda a 1929. Gusau ta zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka sauka a Sabon Gari. Nan aka sami gida iri na biyu, watau hotal mai lasin, da benci da tebur da garmaho. Kamfanin giya na Nijeriya ya kafu a 1946, ya fitar da Star a Ikko a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kwalba ta yi kusa ta yi araha. Mai sayarwa a irin wannan gida aikinsa sanyaya kwalba, da riƙe lissafin bashi har ƙarshen wata, da raba faɗa.

Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, ta bi sawun na baya. Sashe na 403 ya sa hukunci a kan Musulmin da ya sha giya ba don magani ba, ya ƙyale wanda ba Musulmi ba. Ga mutum biyu a benci ɗaya, ɗaya mai laifi, ɗaya ba ruwansa.

Bayan 1999

An cire Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000. Aka hana sayar da giya, aka rufe gidajenta, aka sa haddin bulala 80 ga Musulmin da ya sha. Wannan karo hanin ya faɗa kan gidan kansa, ba kan mai sha kaɗai ba, shi ne bambancinsa da dokokin da suka gabata.

Duk da haka buƙatar majalisa ba ta mutu ba, haka kuma gwanintar haɗawa. Dubi mai shayi yadda yake tambayar kowa irin haɗin da yake so, ya auna madara da sukari, ya ɗaga kofi yana juyewa daga nesa har ya yi kumfa, ya san mai bashi da mai biya. Dubi mai fura da mai kunun zaƙi da mai zoɓo, yadda suke daidaita citta da kanumfari da masoro. Hira da jayayyar siyasa da labarin kasuwa duk suna nan a bakin teburinsu, Musulmi da Kirista a benci ɗaya ba mai fargaba.

Saura abu guda da ya rataya a wuyan malamai. Tsofaffin da suka san sunayen tukwane da matakan dahuwa da ladubban gayya suna ƙarewa, ɗalibi kuwa yakan ji kunyar tambaya don kada a zarge shi. Rubuta abu ba halatta shi ba ne, malaman fiƙihu ma sun bayyana abin da suka haramta filla-filla. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su aiki ɗalibansu ga dattawan Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, su tattaro kalmomin nan tun da sauran masu faɗa. Allah ya sa mu dace.