Kiɗa da Amo a Wasannin Harbi na Japan, 1978 zuwa 1987

An daɗe ana gardama tsakanin masu sha'awar tsofaffin wasannin harbi na na'ura, watau waɗanda mutum ke tuƙa ɗan jirgi yana ɓarin wuta kan abokan gaba: shin wanne ya fi daɗin kiɗa? Da yawa sukan cuɗa abu biyu, daɗin kiɗan kansa da kuma ƙarfin amon da na'ura ke iya fitarwa, alhali kuwa kowanne tafiyarsa daban. Bari mu bi su tun daga tushe.

A 1978 kamfanin Taito ya fito da Space Invaders, aikin Tomohiro Nishikado. Kiɗansa duka-duka sauti huɗu ne masu kauri, suna gangarowa suna maimaituwa, yayin da dodanni 55 ke saukowa kan mai wasa. Da yake ƙwaƙwalwar na'urar ba ta da ƙarfi, duk sa'ad da aka kashe wasu sai nauyin zana su ya ragu mata, sauran su ƙara sauri, kiɗan ma ya bi sawunsu. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe, ya ji yadda makaɗi ke tsananta kalangu in an kusa kisa, ya san abin da wannan ke yi wa zuciya. Amon ba shi da tsabta ko kaɗan, amma a ganina ba a yi kiɗan da ya fi shi sanin aikinsa ba.

Daga nan sai Namco, wanda na'urarsa ke fid da murya uku lokaci guda. Da su Yuriko Keino ta yi wa Xevious ɗan gajeren kiɗa mai zagayawa kamar ba zai ƙare ba. A 1984 Haruomi Hosono ya sa shi cikin faifan garmaho mai suna Video Game Music, mutane suka fara sauraron kiɗan wasa ba tare da wasan ba.

Gradius na kamfanin Konami, 1985, shi ne ya kai abin ga waƙa sosai, kowane mataki da nasa karin. Miki Higashino ce ta tsara, tana ɗaliba a lokacin. 'Yan'uwa ɗalibai sai a lura. To, a nan ne fa gizo ke saƙar. Da aka mai da wasan na'urar gida ta Famicom a 1986, murya biyar kawai ke akwai, kuma da kiɗan da ƙarar harbi duk cikinsu za su raba. In mai wasa ya matsa wuta, sai wani sashen kiɗan ya ɗauke. Karin yana nan da daɗinsa, rigarsa ce ta yage. Konami ya ga matsalar ƙarancin murya, har a 1987 ya dasa ɗan guntun na'urar sauti cikin kaset ɗin Gradius 2 na kwamfutar MSX, ya ƙara murya biyar.

Ta fuskar amo zalla kuwa, Darius na Taito, 1987, ya yi wa waɗannan fintinkau. Allo uku aka jera, Hisayoshi Ogura ya yi kiɗan da na'urar sauti ta Yamaha, aka kuma sa lasifika a ƙarƙashin kujera, yadda in babban kifin ƙarfen nan ya bayyana mai wasa zai ji rugugin a cinyoyinsa. Masu yanke hukunci a yau daga abin da suka saurara a waya, kujerar nan ba su zauna kanta ba.