Hoboken da Fim ɗin On the Waterfront: 'Yan Dakon Bakin Ruwa da Masu Cin Guminsu

Duk garin da jiragen ruwa ke yada zango, akwai wata unguwa a cikinsa da take ci da ƙarfin mazajenta. A Umdurman ita ce Maurada, wadda sunanta a Larabci yake nufin wurin da ake gangarowa ruwa, inda jiragen Kogin Nilu suka daɗe suna sauke itace da hatsi da kifi tun zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi. A Masar kuwa bakin tashar Iskandariyya ne. A irin waɗannan wurare abu ɗaya ne yake tayar da mutane da asuba, wato sanin wanda zai samu dako a ranar, da kuma wanda ikon zaɓen yake hannunsa. Fim ɗin da ya fi kowane shahara a kan wannan batu a Amurka aka yi shi a shekarar 1954. Sunansa On the Waterfront, kuma an ɗauke shi a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Hoboken.

Hoboken yana jihar New Jersey, a yammacin Kogin Hudson, yana kallon tsibirin Manhattan na birnin New York. Faɗinsa bai wuce murabba'in mil ɗaya da ɗan ɗoriya ba, amma a ƙarshen ƙarni na 19 manyan kamfanonin jiragen Jamus guda biyu, Hamburg America da North German Lloyd, a nan suke da matsayarsu. Jamusawa sun yi yawa a garin har aka yi masa laƙabi da ƙaramar Bremen. Ranar 30 ga Yunin 1900 gobara ta tashi a matsayar North German Lloyd, ta halaka ɗaruruwan mutane. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, gwamnati ta ƙwace matsayun Jamusawan, ta mayar da su wurin loda sojojinta zuwa Turai. Bayan yaƙin, aikin dako ya koma hannun 'yan asalin Ayilan da Italiya, mutanen da talauci ya koro daga ƙasashensu.

Yadda ake ɗaukar aiki a tashoshin New York a wancan lokaci shi ne tushen duk ɓarnar. Ba a ɗaukar ɗan dako aiki na wata ko na mako. Kowace safiya mazaje sukan taru a ƙofar matsaya su yi da'ira, shugaban ɗaukar ma'aikata ya fito ya nuna waɗanda yake so da yatsa, sauran su koma gida hannu rabbana. Da yake masu nema kullum sun fi aikin yawa, sai zaɓen ya zama haja. Wanda yake son a riƙa ganinsa dole ya yanki wani abu daga ladansa ya mayar wa shugaban, ko ya ci bashi da ruwa a hannun mai ba da rancen da shugaban ya yarda da shi. An ce wasu sukan maƙala tsinken sakace a bayan kunne, alamar sun amince da yankan. Wanda ya san yadda ɗan kamasho yake juya tasha zai gane tsarin, sai dai na New York ya haɗa da satar kaya daga cikin jirage, da caca, da kisan kai. Ƙungiyar 'yan dakon, wadda ake taƙaita sunanta da ILA, ita ya kamata ta tsaya musu, amma rassanta da dama suna hannun 'yan daba. Shugabanta Joseph Ryan ya hau kujera a 1927, a 1943 kuma aka ayyana shi shugaba na har mutuwa.

Masu ɗaga murya ba su cika tsufa ba. Wani matashin ɗan dako a Brooklyn mai suna Pete Panto ya fara tara 'yan'uwansa don su ƙwato ƙungiyarsu. A watan Yulin 1939 ya fita daga gida bai dawo ba, sai a Janairun 1941 aka tono gawarsa a wani rami a New Jersey. Saboda irin wannan ne 'yan dako suka ɗaukar wa kansu ƙa'ida: in hukuma ta zo da tambaya, kowa kurma ne kuma bebe.

Mutum biyu suka fasa wannan shiru. Na farko ɗan jarida ne, Malcolm Johnson, wanda a ƙarshen 1948 ya buga jerin rahotanni 24 a jaridar New York Sun a kan laifukan bakin ruwa, suka samo masa lambar Pulitzer a 1949. Na biyu limamin Katolika ne na ɗariƙar Jesuit, Fada John Corridan, wanda yake koyar da ma'aikata dokokin ƙwadago a makarantar Xavier da ke Manhattan, kuma ya san bakin ruwa fiye da 'yan sanda. Daga ƙarshen 1952 Hukumar Binciken Laifuka ta Jihar New York ta yi zaman sauraron shaidu a bainar jama'a, abin da aka daɗe ana raɗawa ya fito fili. A 1953 babbar tarayyar ƙwadago ta Amurka, AFL, ta kori ILA daga cikinta, Ryan ya sauka, jihohin New York da New Jersey kuma suka kafa hukumar haɗin gwiwa da ta haramta taron ƙofar matsaya, ta maye gurbinsa da rajista.

A cikin wannan ƙura aka ɗauki fim ɗin. Budd Schulberg ya rubuta labarin bayan ya daɗe yana bin Fada Corridan da 'yan dako, Elia Kazan ya ba da umarni, Sam Spiegel ya ɗauki nauyi bayan manyan kamfanoni sun ƙi. An yi aikin cikin kwana 36 a tsakiyar hunturu, a kan rufin gidajen Hoboken da lungunanta da matsayunta na gaskiya. Yawancin fuskokin da ake gani a cikin taro 'yan dakon garin ne, kuma uku daga cikin masu fitowa a matsayin 'yan daba, Tony Galento da Tami Mauriello da Abe Simon, tsofaffin 'yan dambe ne da kowannensu ya taɓa karawa da Joe Louis. Tururin da ke fita daga bakin 'yan wasan ba dabara ba ce, sanyi ne.

Marlon Brando ya fito a matsayin Terry Malloy, tsohon ɗan dambe da ya koma ɗan aiken Johnny Friendly, shugaban reshen ƙungiya. An sa shi ya yaudari wani saurayi mai suna Joey Doyle ya hau rufin gida, yana zaton tsoratarwa kawai za a yi, sai aka jeho yaron ƙasa domin ya shirya ba da shaida. Daga nan Terry ya shiga tsaka mai wuya. A gefe guda ga Edie, 'yar'uwar mamacin, da Fada Barry wanda aka gina a kan Corridan, suna matsa masa ya faɗi gaskiya. A ɗaya gefen ga yayansa Charley, na hannun daman Friendly. Fitowar da ta fi zama a zukatan masu kallo ita ce ta cikin motar haya, inda Charley ya zaro bindiga ya nuna wa ƙanensa, shi kuwa Terry ya kawar da ita a hankali, ya tuna masa daren da ya sa shi ya faɗi da gangan a fagen dambe saboda kuɗin caca. Babu ihu a wurin, kuma rashin ihun ne ƙarfinsa. Charley ya kasa cika umarnin, aka kashe shi a daren, aka rataye gawarsa a jikin ƙugiya. Terry ya ba da shaida, unguwa ta juya masa baya, har yaron da yake taya shi kiwon tantabaru ya karkashe su.

Fim ɗin ya sami lambobin Oscar takwas daga cikin goma sha biyu da aka sa shi takara. Amma akwai wata inuwa da take biye da shi har yau. A watan Afrilun 1952 Kazan ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar 'yan gurguzu, ya ambaci sunayen tsofaffin abokan aikinsa takwas. Schulberg ya riga shi yin haka a 1951, Lee J. Cobb da ya fito a matsayin Friendly shi ma ya yi a 1953. A wancan zamani ambatar sunan mutum a gaban kwamitin kan raba shi da sana'arsa. Saboda haka masu suka suka karanta fim ɗin a matsayin wankin kai, wato an ɗauki mai tona asiri an mayar da shi gwarzo. Wannan suka tana da tushe, domin Kazan da kansa ya amsa daga baya cewa ya ga kansa a cikin Terry. Sai dai kwatancen ya gurgunta. Terry ya ba da shaida ne a kan masu kisa, ya kuma yi asarar ɗan'uwa da unguwa. Kazan ya ba da shaida a kan mutanen da laifinsu ra'ayi ne, ya tsira da aikinsa. Arthur Miller, wanda tun farko ya rubuta wa Kazan wani labarin bakin ruwa mai suna The Hook a kan kisan Panto, ya raba gari da shi na shekaru. Ko a 1999, lokacin da aka bai wa Kazan lambar girmamawa ta Oscar, wasu daga cikin mahalarta sun zauna ba su tafa ba.

Ƙarshen fim ɗin ya fi tarihi daɗi. A majigi, Terry ya tashi jina-jina ya shiga matsaya, 'yan dako suka bi shi, Friendly ya zama abin dariya. A zahiri kuwa, an yi zaɓe a Disambar 1953 da kuma Mayun 1954 tsakanin ILA da sabuwar ƙungiyar da AFL ta kafa, kuma duka biyun tsohuwar ce ta yi nasara da ƙaramar rata. Tsoro ya taka rawa, haka ma rashin yarda da baƙi daga waje. Schulberg ya san haka. A littafin da ya fitar a 1955 a kan labarin, Terry bai tsira ba, gawarsa aka tsinta a cikin ganga. A 1959 aka mayar da ILA cikin tarayyar ƙwadago.

Batun bai tsaya a Amurka ba. A 1956 Yusuf Shahin ya fitar da Sira' fil Mina, wanda ya ɗauka a tashar Iskandariyya tare da Umar Sharif da Fatin Hamama, a 1958 kuma ya yi Babul Hadid, inda Farid Shauƙi yake fafutukar kafa ƙungiyar 'yan dako a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira. Finafinan Masar su ne abincin yau da kullum na gidajen sinimar Kartum da Umdurman a waɗannan shekaru, a ƙasar da ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka riga suka kafa ƙungiyarsu tun 1946.

Abin da ya gama da tsohon bakin ruwan Hoboken bai fito daga kotu ko coci ba. Ranar 26 ga Afrilun 1956, wani mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal-X daga tashar Newark zuwa Houston. Kwantena tana buƙatar fili mai faɗi da na'urar ɗaga kaya, ba ta buƙatar ɗaruruwan mazaje masu ƙugiya a hannu, kuma akwatin da aka rufe tun daga masana'anta yana da wuyar sata. Hoboken ba shi da fili. Jirage suka koma Newark da Elizabeth, zuwa shekarun 1970 matsayun garin sun zama kufai. Yau wuraren shaƙatawa da gidaje masu tsada ne a inda aka ɗauki fim ɗin. Hukumar da aka kafa a 1953 ta kai shekara 70, aka rushe ta a 2023 bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yarje wa New Jersey ta fice daga cikinta.